Na Kan Kwalta Da Na Cikin Yashi: Wa Ke Da Laifi?

Duk wanda ya saba bin hanyar Damagaram zuwa Magarya ya san kwaltar guda ce, amma bakunan da ke zubo mata ababen hawa ba su ƙidayuwa. Daga ka bar Dogo ka nufi Bande, ka wuce Magarya har ka dangana da Tinkim a bakin iyaka, kusan kowane ƙauye yana da tasa 'yar hanyar yashi da ke ratso gonaki ta hau titi. Akasarinsu babu allo, babu fenti, sai sawun taya da na shanu. Ta nan amalanke ke fitowa, ta nan ɗan kabu-kabu ke ɓullowa da fasinja biyu da akuya, ta nan kuma a-kori-kura ke hawowa da lodin da ya fi ƙarfinta. Ranar kasuwa kuwa abin sai wanda ya gani.

Idan aka yi karo a irin wannan wuri, bayan salati da kwashe masu rauni, tambayar farko ita ce wa ke da laifi. Abin da na lura shi ne tambayar nan amsa biyu gare ta a ƙasarmu. Akwai wadda taron jama'a ke bayarwa nan take a bakin hanya, akwai kuma wadda ke rubuce a littafin kamfanonin asirans, wato inshora a bakin 'yan uwanmu na Najeriya. Sau da yawa ba sa haɗuwa, kuma rubutacciyar ita ce mai fitar da kuɗi.

Hukuncin taron jama'a kowa ya san shi. Wanda ya buga shi ne mai laifi. Idan mota da babur ne, mai mota ne. Idan baƙo da ɗan gari ne, to baƙo sai ya yi haƙuri. Ban ce babu hankali a ciki ba, domin tausayi ne ke magana, kuma mai babur shi ya fi jin jiki. Sai dai tausayi ba ya auna ƙasa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban Hiyas ne. Da ita yake cin abinci, da ita yake riƙe da gida biyu, nasa da na yayansa da ya rasu, kuma shanu ya sayar ya haɗa da bashi kafin ya mallake ta. Wata safiya a ƙarshen damina, gero ya yi tsawo ya rufe gefen hanya, ya taso daga Magarya cike da fasinja ya nufi Damagaram. Kafin ya kai Bande sai wata tsohuwar a-kori-kura ta hawo kwalta daga gabas, wato daga hannunsa na dama, ɗauke da buhuna da mutane a samansu, daga wani ƙauye na wajen Dungas. Ya taka birki, mota ta ja ƙasa, ta daki a-kori-kurar. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Wata dattijuwa a cikin Hiyas ta karye a hannu, mutum biyu sun ƙuje, gaban motar Kawu kuwa ya lotse har ruwan inji ya zube.

Ni ya kira, don ni ne mai karanta Faransanci a dangi. Ko da na isa a kan babur an riga an gama shari'a. Mai gari ya zo, Alhajin da ke da a-kori-kurar ya zo, dattawa sun zauna a inuwar gawo. Maganarsu guda ce: Kawu ne ya buga, daga baya kuma ya buga, amma tun da Musulmi ne duka kuma ba a yi kisa ba, kowa ya gyara tasa, a tattara a ba dattijuwa wani abu ta je wajen maɗori. Direban a-kori-kurar, saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, har ya ƙara da hujjar da ya ji a tasha, cewa a Nijar na dama ke da hanya, shi kuwa daga dama ya fito.

Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ka ga manya sun sa baki. Ni kunya nake ji in ce sai an kira jandarma, kamar ina neman in ɗaure yaron mutane."

Na ce, "Kawu, ba ɗaure kowa za a yi ba. Awo kawai za su yi su rubuta. In an rubuta, ka yafe abin da ka ga dama."

Wanda ya ceci motar a ranar karen motarsa ne, yaron da bai yi boko ba. Tun kafin jama'a su taru ya ɗauki dutse ya zana da'ira a ƙasa kewaye da kowace taya, ya ɗauki hotuna da 'yar wayarsa, sannan ya tsaya ya hana a tura motocin gefe sai dai masu wucewa su ratsa ta cikin ciyawa. Ya sha zagi. Ya ce wani tsohon ubangidansa ne ya koya masa, wanda ya taɓa asarar mota sukutum saboda an share wuri kafin hukuma ta zo.

Ga dalilin da ya sa zanen dutsen nan yake da daraja. Harkar asirans a Nijar tana tafiya ne a kan dokar CIMA, wadda ƙasashen Afirka 14 ke amfani da ita tare, mafi yawansu masu kuɗin sefa. An sa hannu a yarjejeniyar a Yawunde a watan Yulin 1992, dokar kuma ta soma aiki a 1995. Ita ce ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yanki asirans na ɓarnar da zai iya yi wa wani. A ƙarshen sashen da ya shafi motoci akwai wani jadawali da ya jera irin karon da ake yi ɗaya bayan ɗaya, kowane da rabon laifinsa: wannan babu ko kaɗan, wancan duka, ko rabi da rabi, wani lokaci kashi ɗaya cikin huɗu da uku cikin huɗu. Ma'aikacin kamfani da ke zaune a ofis bai ga haɗarin ba, bai san Kawu ba, bai san Alhaji ba. Zanen jandarma yake ɗauka, ya duba wane layi na jadawalin ya dace da shi.

To a jadawalin nan, motar da ta fito daga hanyar ƙasa, ko daga wurin ajiye motoci, ko daga wani fili da ba hanyar jama'a ba, ta hau titi aka yi karo, laifin duka nata ne. Maganar na dama ke da hanya gaskiya ce, amma a mahaɗar hanyoyi ne masu daraja ɗaya, irin na cikin gari inda ba a kafa allo ba. Turbar yashi ba ta samun wannan gatan a kan kwalta, ko daga wane hannu ta ɓullo. Sai dai kuma a jadawalin nan dai, idan motoci biyu suna tafiya a layi ɗaya ta baya ta daki ta gaba, laifin duka na ta baya ne. Ka ga ke nan haɗari guda yana iya faɗawa layi biyu masu kishiyantar juna. Idan a-kori-kurar tana cikin hawowa ne aka dake ta, Alhaji ne zai ɗauka. Idan ta riga ta hau, ta miƙe, ta zama mai tafiya a hanya kamar kowa, to Kawu ne. Tsakanin wannan da wancan bai wuce taku goma ba.

Su wa za su faɗi gaskiyar taku goman nan? Shaidu kowa da ɓangarensa, fasinjan Hiyas na bayan direbansu, na kan buhuna na bayan nasu. Abin da ba ya ɗaukar ɓangare shi ne ƙarfe da ƙasa. Da jandarmomi suka zo yin konsta, abin da suka duba ke nan: lotsewar a-kori-kurar a kwiɓinta na hagu take, wajen tayar baya, ƙofar bayanta lafiya lau. Tayarta ta baya ta dama tana bakin yashi, ba ta gama hawa ba. Sawun birkin Kawu ya miƙe a layinsa. Fasassun gilasai sun zuba daidai bakin turbar. Suka ja igiyar awo, suka zana, suka karɓi permi da katgiriz da takardar asirans ta kowa, suka ɗauki bayanin kowa. Da an tura motocin gefe kamar yadda aka so, da abin da zai rage sai maganar baki, maganar baki kuwa ta riga ta ce daga baya aka buga.

Akwai kuma abin da mutane ba su sani ba. Dokar ta ce idan yanayin karon bai bari an gane mai laifi ba, kowane direba rabin asararsa kawai zai samu daga ɗayan. Wato share wuri ba ya raba gardama, rabin hakkin mai gaskiya yake cinyewa, ya ba marar gaskiya rabin da bai cancanta ba. Asirans ɗin da akasarin direbobinmu ke yanka kuma shi ne ƙaramin, wanda doka ta tilasta, don a wuce shingen jami'ai lafiya. Shi ba ya gyara motarka, ba ya kuma biyan raunin da kai direba ka ji. Ɓarnar da ka yi wa wani yake biya. Saboda haka gyaran motar Kawu ba daga kamfaninsa zai fito ba, daga na Alhaji ne, kuma sai an tabbatar laifin na direban Alhaji ne. Da na yi wa Kawu wannan bayani ya yi shiru, sannan ya ce shekara goma sha yana biyan kuɗin takardar nan bai taɓa sanin abin da ya saya ba.

Alhaji ma bai sani ba. Shi a ganinsa in aka ce yaronsa ne mai laifi, daga aljihunsa za a zari kuɗin gyaran Hiyas, shi ya sa ya tsaya kai da fata a kan sulhu. Na ce masa, "Alhaji, ai don irin wannan ranar ka yanki takardar. Kamfanin ne zai biya, kai taka motar kawai za ka gyara, kuma ko a sulhun ma ita za ka gyara." Ya karɓi takardar daga hannun yaronsa ya miƙo min in duba masa kwanan wata. Saura kwana goma sha ɗaya ta ƙare. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce to a rubuta.

Ba zan ɓoye ba, jadawalin nan ba adalci ne cikakke ba. Na tsaya a bakin turbar na dubi abin da yaron ya fuskanta. Yashi ne mai zurfi, sannan kwalta ta fi ƙasa tudu, ruwa ya cinye gefenta ya bar gaɓa. Mota mai lodi idan ta tsaya cak a nan don ta duba hagu da dama, ta kafe, sai an sauke mutane an tura. Duk direban daji ya san sai da gudu ake hawa. Ga gero ya tsaya kamar katanga, ba ka hango abin da ke tafe sai ka sa hanci a titi. Wanda ya tsara jadawalin yana tunanin turba ce mai tauri da za ka tsaya ka leƙa. Kawu ma, in za a faɗi gaskiya, direban Hiyas ne, kuma ban taɓa ganin direban Hiyas da ke tafiyar hawainiya da safe yana son ya yi sawu biyu ba. Babu na'urar da ta auna gudunsa, don haka takarda ba ta san da shi ba. Akwai kuma mai laifi na uku da ba ya cikin kowane layi, wato rashin gyara bakin turbar da 'yar tsakuwa da kafa allo ɗaya. Duk da haka na fi yarda da ma'aunin da aka rubuta tun kafin a san wa zai faɗa ciki, a kan wanda ake yankewa bayan an ga fuskar masu shari'a da girman rawaninsu.

Bayan konsta sai zirga-zirga. Ana so ka sanar da kamfaninka cikin kwanaki biyar na aiki, a rubuce. Sai takardar jandarma ta fito, wadda doka ta ce idan an ji rauni a aika wa kamfanonin cikin wata uku. Sai a turo mai kimanta ɓarna ya duba mota kafin bakanike ya taɓa ta, kuma nan ne masu gaggawa ke yin asara, domin in ka gyara kafin a gani, ka goge shaidarka da hannunka. Mu a Damagaram muke kai takardu, amma hukunci daga Yamai yake zuwa, kusan kilomita 900. Kullum amsar ita ce dosiye yana hanya. Kawu ya yi wata biyu yana tuƙin motar wani a kan kamasho, daga baya da mai kimantawa ya gama ya ci bashi ya gyara tasa. Kuɗin sun fito bayan wata tara, kuma ba su kai abin da ya kashe ba, don an cire tsufan kayan da aka canza. Amma sun biya bashin gyaran, motar ba ta bar gidan ba.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce dattijuwar. A duk mutanen da ke wurin ita ce doka ta fi karewa. Fasinja da mai tafiya a ƙasa ba a tambayarsu laifi a kan raunin jikinsu, sai fa wanda ya jefa kansa da gangan. Ba ruwanta da ko Kawu ne ko yaron Alhaji. Kamfanin motar da ta hau shi ne zai fara neman ta ya yi mata tayin diyya, daga baya kamfanonin biyu su daidaita tsakaninsu bisa jadawali. Ko da direba ba shi da permi ma, ba a hana wanda aka ji wa rauni hakkinsa saboda haka, kamfani ya biya sannan ya bi direban. Wanda ba shi da takardar albashi kuma, irin manomi da mai ƙosai, ana yi masa lissafi ne a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya daɗe a sefa 30,047 kafin a ɗaga shi zuwa jaka 42 a farkon 2024. Ba dukiya ba ce, amma ga matar da hannunta na daka da surfe ya karye, wani abu ne.

Sai dai duk wannan yana bukatar takardar likita ta ranar farko, da rasiɗin magani, da katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa. Ita kuwa 'ya'yanta sun ɗauke ta tun kafin jandarma su iso, sun kai ta wajen maɗori. Na bi ta har ƙauyensu bayan kwana uku. Na ce, "Inna, ki daure mu je gidan likita a ɗauki hoton hannun, a rubuta, akwai hakkinki." Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Abin da Allah ya rubuto ne ya same ni, ni ba zan ci kuɗin ciwo ba." Babban ɗanta ya ƙara da cewa ba su saba kai ƙara ba a gidansu.

Na sha jin wannan magana, kuma ina ganin girman masu yin ta, amma ban yarda cewa addini ne ya ce haka ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya a kan kisan kuskure, wanda ba a yi niyya ba, ta kuma bar wa dangin mamaci zaɓin su yafe. Duk almajirin da ya sauke Risala ya wuce babin da ya ɗora wa mahayin dabba da mai janta alhakin abin da ta taka, kuma a fiƙihunmu dangin mai kuskure ne ke haɗuwa su biya, don kada nauyi ya karya mutum ɗaya. Malamai sun yi saɓani a kan asirans na kasuwanci, wannan gaskiya ne, kuma ba fagena ba ne. Amma cewa kuskure a kan hanya ba shi da hakki saboda ƙaddara ce, wannan al'adarmu ce ta kunya. Yafiya kuma tana da daɗi idan wanda aka yafe wa mutum ne. Inna ta ɗauka Kawu ta yafe wa, alhali ko dala ba za ta fita daga aljihunsa ba. Kamfani ta yafe wa, kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗin kujerar da ta zauna a kai.

A wajen Dungas abin yana da wani ƙarin ƙulli, saboda iyaka. Ranar Alhamis motoci da babura na kwarara zuwa kasuwar Maigatari, masu lambar Nijar da masu lambar Najeriya a cakuɗe, a hanyoyin da kowa ke shiga ta inda ya ga dama. Idan wanda ya buge ka takardarsa ta can ce, dokar CIMA ba ta hau kamfaninsa ba, domin Najeriya ba ta ciki. Don irin wannan ne aka ƙirƙiro katin nan mai ruwan ƙasa na CEDEAO tun 1982. Yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, direban da ke tsallaka iyaka ya kamata ya tambaya tun a ofishin da yake yankar takarda, a nuna masa a rubuce ƙasashen da take aiki a cikinsu. Babura kuwa, da wuya ka tsayar da goma a ƙauye ka samu mai asirans, amalanke ma dokar ba ta shafe ta ba tun da ba ta da inji. A nan dole a koma inuwar gawo, don babu kamfanin da za a nema, kuma sulhun dattawa shi ne kaɗai abin da ya rage wa mai rauni.

Hannun Inna ya ɗoru, amma ya ɗan karkace, ba ta iya ɗaga taɓarya. Jikarta ce ke yi mata daka yanzu, an cire ta daga makaranta saboda haka. Dokar ta ba wanda aka ji wa rauni shekara biyar ya nemi hakkinsa, kuma sunan Inna yana cikin takardar jandarma, don karen motar Kawu ya faɗa musu a ranar. Na ajiye kwafi ɗaya a wurina, na kuma aika wa ƙaramin ɗanta da ke aiki a Damagaram cewa har yanzu da sauran lokaci. Ya ce zai yi magana da yayansa bayan an gama girbi.